Suwaitar Malamin Turanci

Duk wanda ya taɓa koyar da Turanci a sakandare ya san akwai kalmomin da ba su jin magana. Yawancin aikatau na Turanci, in kana so ka nuna abin ya riga ya faru, sai ka liƙa musu ed a wutsiya, shi ke nan. Amma akwai 'yan taurin kai masu sauya wasalin cikinsu: drink, drank, drunk, sink, sank, sunk. A wannan dangi ake samun shrink, wato abu ya tsuke ko ya ƙanƙance, kuma ita ce kalmar da 'yan ajina suka yi rantsuwa ba za su iya ba. Kullum shrinked suke rubuto mini. Na yi faɗa, na yi lallashi, har tarihi na kawo musu. Na ce kalmar tsohuwa ce tukuf, tun kafin Normandawa su ci Ingila da yaƙi a 1066 ana amfani da ita, lokacin ana cewa scrincan, ma'anarta abu ya yanƙwane ya takure. Na ce har yau Bature kan yi amfani da ita ga mutumin da tsoro ya sa ya ja da baya, masu manyan kantuna kuma da ita suke kiran kayan da suka yi ɓatan dabo daga kan kanta. Wani yaro can baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wannan zai fito a jarrabawa?" Na ce tarihin ba zai fito ba. Nan take rabin ajin suka ajiye biro.

Ana cikin haka hunturu ya sauko. Wanda bai taɓa hawa babur da ƙarfe bakwai na safe a Kano cikin watan Janairu ba, kada ya ce mini ya san sanyi. Ranar Asabar na shiga kasuwar Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo, na yi ta tonon tuli har Allah ya haɗa ni da wata suwaita ruwan toka, ulu zalla, mai taushi, ko zare ɗaya bai fita ba. Mai kayan ya ce, "Malam, wannan ko Landan ka je da ita sanyi sai dai ya gaishe ka daga nesa." Muka yi ciniki irin wanda kowa ke rantsuwa an cuce shi, na biya, na taho gida ina jin kaina.

Kayan gwanjo dai kun san warinsu. Uwargida ta karɓa ta shinshina ta ce, "Malam, bari in jiƙa maka ita a ruwan sanyi in shanya a inuwa." Na ce ina, ruwan sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, wa ya san wanda ya sa ta a can? Ta juya cikin wuyan rigar ta nuna mini wani ɗan farin ƙyalle mai zanen baho da hannu a ciki, da ƙananan rubutu a ƙasa. Ta ce, "To wannan me aka rubuta?" Tabarauna yana ɗaki, kuma malamin Turanci ba ya ce wa matarsa ba ya gani. Na ce sunan kamfani ne. Ta ce to. Wannan "to" ɗin nata da ma na san shi, amma ranar ban saurare shi ba.

Da hannuna na ɗora tukunya. Ruwa ya tafasa, na zuba garin sabulu, na tsoma suwaita, na bari ya ɗan huce, sannan na zauna na cuɗe ta cuɗar mugunta. Na matse, na shanya a rana tsakar gida, na shiga ɗaki ina jin na yi wa lafiyar iyalina hidima.

Da la'asar na fito na ga wata 'yar riga a kan igiya. Na ɗaga murya na ce yaushe maƙwabta suka fara shanya kayan yaransu a gidanmu? Uwargida ba ta ko ɗago kai daga tsintar shinkafa ba, ta ce, "Taka ce, Malam." Na ɗauko tabarau na karanta ƙyallen. An ce a wanke da hannu a ruwa marar zafi, kada a cuɗa, in ba haka ba za ta yi shrink. Kalmar da na yi mako guda ina yi wa yara tsawa a kanta ke nan, ga ta tana kallona daga wuyan rigata.

Mai hankali da a nan ya haƙura. Amma kuɗi na biya, kuma ranar Litinin sanyin ya fi na kullum. Na sa rigar ciki, na cusa kaina cikin suwaitar da ƙyar, uwargida na ja ta baya, autarmu na dariya har da faɗuwa. Hannun ya tsaya a gwiwar hannu, gindinta ya tsaya saman cibiya, ta yi tauri kamar darduma. Na ɗora kwat a kai na rufe asiri, na hau babur. In faɗi gaskiya ban ji sanyi ba ko kaɗan, sai dai numfashi nake yi rabi-rabi.

Darasin safe ya wuce lafiya, ban da cewa ba na iya ɗaga hannu sama da tsakiyar allo, sai na riƙa rubutu a ƙasa-ƙasa, 'yan baya suna miƙewa tsaye. Wajen sha biyu rana ta buɗe, gumi ya keto mini. Ina tsakiyar bayani, hankalina na kan allo, na tuɓe kwat na rataya a kujera kamar yadda na saba. Ajin ya yi tsit. Na juyo. Yaron nan na baya ya ɗaga hannu cikin ladabi, ya ce, "Malam, wannan shrank za a ce ko shrunk?" Kafin in buɗe baki ajin gaba ɗaya ya ɗauka, har da buga tebur: shrink, shrank, shrunk! Firinsifal ya leƙo ta taga ya ga abin da ke faruwa, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Malam, an kawo kayan koyarwa ke nan?" Na ce, "E, ranka ya daɗe."

A ɗakin malamai sai da aka taya ni cire ta. Malamin kimiyya, wanda ba ya barin dama ta wuce shi, ya riƙe ta yana yi wa jama'a lacca. Ya ce gashin tunkiya ba sumul yake ba, kowane sili yana da 'yan ɓawo-ɓawo a jere. Ruwan zafi da sabulu su buɗa su, cuɗa kuma ta sa su sarƙe da juna, in sun sarƙe ba su sake saki. Ya ce auduga daban ce, ita zarenta ne ake ja a miƙe a masaƙa, in ya sha ruwa sai ya koma yadda yake, shi ya sa telan kirki ke jiƙa yadi kafin ya sa almakashi. Har ya ƙara da cewa wani Ba'amurke, Sanford Cluett, tun 1930 ya yi rajistar dabarar tsuke yadin auduga a masana'anta don kada ya ba mai shi kunya daga baya. Na ce duk na ji, yanzu yaya za a yi ta dawo? Ya ce sai dai ni in ragu.

Ashe babbar 'yata ta ɗauki hotona da safe ta saka a zauren WhatsApp na dangi. Da dare ƙanena da ke Amurka ya kira, dariya ta hana shi gaisuwa. Ya ce, "Yaya, wallahi kana bukatar ganin shrink." Na ce na gan shi, ya ishe ni. Ya ce a'a, a can haka suke kiran likitan ƙwaƙwalwa cikin raha. An gutsuro ta ne daga headshrinker, mai ƙanƙantar da kai, zolayar da aka aro daga labarin mutanen Shuar na ƙasashen Ekwado da Peru, waɗanda a dā suke sarrafa kan abokin gaba har ya koma ɗan mitsitsi. Uwargida tana gefe tana ninke kaya, ta ce, "Gaya masa ya turo mana likitan. Da an rage girman kan tun ranar Asabar, da rigar ta tsira."

Suwaitar ta koma hannun ɗan maƙwabcinmu mai shekara huɗu, ta zauna masa cas. Bayan kwana biyu kishiyar uwarsa ta yi sallama, ta ce ta zagaye kasuwa ba ta ga mai kauri irin wannan ba, ita ma tana so wa 'yan biyunta, a ina aka saya? Ina jin uwargida daga ɗaki tana cewa, "Ai ba a sayar da su. Ki sayo ta manya guda biyu ki kawo, Malam ne ke haɗa su."