Kuɗin matar aure a ginin miji: me ya hana mu rubutawa?

Tun watan Afrilun 2023 da aka yaɗa cewa ɗan ƙwallon Maroko, Ashraf Hakimi, ya sanya dukiyarsa da sunan mahaifiyarsa don kada matarsa ta samu komai idan sun rabu, samarinmu ba su daina jinjina masa a Facebook ba, kuma duk lokacin da auren wani fitacce ya mutu sai a sake tono zancen. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, rabon dukiyar da suke tsoro bai shafi aurenmu ba. Dokar shari'o'in aure ta Najeriya ta 1970 auren rajista ta shafa, kotunan Musulunci kuwa da mazhabar Malikiyya suke hukunci, inda kowa ke riƙe da abin da ya mallaka. A wajenmu, wadda ake cinye wa dukiya ita ce mace.

Kowa ya san irin wannan gida. Malamar makaranta ce ta ɗauki adashinta, ta sayar da sarƙa da 'yan kunnenta na zinare, ta miƙa wa maigida kuɗin a ɗaki bayan sallar isha, aka sayi siminti da kwanon rufi. Takardar fili kuwa sunansa ne a jiki. Ranar da ya miƙa mata takardar saki, gado da katifa da kwanukan da iyayenta suka yi mata kawai za ta kwasa. Idan ta je gaban alƙali zai nemi hujja, domin hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma a kan wanda ya musa, alhali ba ta da shaida ko ɗaya. Idan rasuwa ya yi, kuɗinta sun narke cikin gado, ta koma jiran tumuni, wanda shi ma za ta raba da abokan zamanta.

Duk da haka sai ka ji wasu suna cewa rubutu tsakanin miji da mata rashin yarda ne, wai ɗabi'ar Turawa ce. Wannan magana jahilci ce da aka naɗa wa rawani. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma ba ta togace ma'aurata ba. Suratun Nisa'i ta ce mata suna da rabo daga abin da suka tsuwurwurta, ta kuma ce sai an biya bashi kafin a raba gado. Ashe da an rubuta kuɗin malamar nan a matsayin rance, da an fitar mata da su cif kafin magada su taɓa ko bulo ɗaya. Mijin da ke jin haushin biro da takarda, a ganina, ya riga ya ƙudurta ba zai biya ba.

Masu fafutukar a riƙa raba komai biyu ranar saki ba su da abin faɗa mana, domin sun kwaso maganin wata cutar da ba tamu ba.

Waliyyai da limaman da ke tsayawa su tantance sadaki a gaban jama'a su ne ya kamata su fara wannan gyara, su gaya wa ango tun ranar ɗaurin aure cewa duk abin da matarsa ta zuba a gini ko a jari za a rubuta shi, shaidu biyu su sa hannu, ita kuma ta ajiye kwafinta a gidan iyayenta.