Ɗigon Aya Ɗaya da Tarar Mutum Dubu

Ranar da aka miƙa mini wani tsohon shirin kwamfuta na COBOL aka ce in ɗan yi masa kwaskwarima, har da murmushi na karɓa. Yaren da aka ƙirƙiro tun 1959, umarninsa kamar Turancin ɗan aji uku, ADD kaza TO kaza, MOVE kaza TO kaza, me zai gagare ni?

Ina buɗewa na ga abin da ya sosa mini rai: layi bayan layi babu aya a ƙarshe, sai can ƙasa ka tsinci guda ɗaya. Ni kuwa mutum ne da ko saƙon waya ba na turawa babu aya. Na ce wanda ya rubuta wannan malalaci ne. Na zage na bi layukan ina ɗiga musu aya, ina jin kaina kamar mai share gidan marayu.

A wurin akwai sharaɗi: IF jinkirin biya ya wuce kwana 30, a yi wa mutum alama, sannan a ɗora masa tara. Na sa aya bayan layin alamar. Manhajar da ke tace shirin ba ta ce uffan ba. Muka kunna gwaji da yamma, da safe aka tarar an ci kowa tara. Wanda ya makara, wanda ya biya a kan lokaci, har da wanda ya biya tun kafin a tambaye shi. Allah ya rufa asiri bayanan gwaji ne.

Kwana biyu ina zare ido a allo. Layin tarar yana nan a ɗan shige ciki, lafe a ƙarƙashin IF kamar ɗa a bayan uwarsa, ashe COBOL ba ruwansa da wannan shigewar. Har sai da na sa yatsa na murza wani ɗigo ina zaton kashin ƙuda ne.

Dattijon ofishinmu, wanda ya fara aiki tun ana huda kati don shigar da shiri cikin kwamfuta, ya leƙo ta kafaɗata, ya ɗora bakin biro a kan ɗigon da na gama murzawa.

"Yaro, wa ya sa wannan?"

"Ni ne, Baba. Gyara na yi."

"Garin neman gira ka rasa ido. A nan aya ƙofa ce. Kana sa ta, IF ya rufe, duk abin da ya biyo baya na kowa ne. Sai a COBOL-85 aka kawo END-IF, umarnin rufe IF ba tare da aya ba, wannan shirin kuwa ya girme shi."

Na goge ɓarnata cikin ladabi. Amma hannu mai ƙaiƙayi bai daddara ba, na ƙara wa wani suna da ke layin tarar tsawo don ya fi ma'ana. Washegari ba a ci kowa tarar zalunci ba, sai dai wasiƙar da ya kamata ta je wa kowa ta fita ga masu jinkiri kaɗai, sauran jama'a shiru. Na rantse wa Baba ayar ƙarshe tana nan, ga ta ina kallo.

Bai musa ba. Ya fara ƙirga guraben haruffan layin daga hagu, ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye ina gumi. Ashe tsawon sunan ya tura ayata gurbi na 73. A tsohon tsarin, umarni a 72 yake tsayawa, daga 73 zuwa 80 wurin lambar shaidar kati ne, ba a karanta shi. Wato ayar tana nan kuma ba ta nan, IF ya buɗe baki ya haɗiye layin buga wasiƙar.

Yanzu END-IF nake rufe kowane sharaɗi da shi, in ajiye aya guda a layinta ita kaɗai a ƙarshen sakin, inda ko makaho zai lalubo ta. Jiya na tura wa Baba saƙon neman izinin fita da wuri, ya dawo mini da amsa: "Na ga aya huɗu a ciki. Wacce ce da gangan?"