Fitilar Hero da rijiyar Kusugu

Tun da na zo zama a Landan, babu zanen da ya tsayar da ni kamar wanda Turner, mai zane ɗan Ingila, ya yi da fentin mai a 1837 a kan rabuwar Hero da Leander, wanda ke gidan adana zane-zane na National Gallery. Labarin na tsoffin Girkawa ne. Leander saurayi ne daga garin Abydos, kowane dare yana iyo ya ƙetare mashigin ruwan da yanzu ake kira Dardanelles a ƙasar Turkiyya domin ya iske masoyiyarsa Hero a garin Sestos da ke ɗaya tsallaken, ita kuwa tana kunna masa fitila a saman hasumiya don kada ya ɓace. Wani dare iska ta kashe fitilar, ruwa ya ci shi, da gari ya waye ta hangi gawarsa a gaɓa, sai ta faɗo daga hasumiyar ta bi shi.

Abin da ya kama zuciyata shi ne Turner bai ba masoyan fili ba. Sai mutum ya ƙura ido kafin ya gano su a bakin ruwa, domin teku da hadari da hasken wata sun cinye yawancin zanen, kuma tun ba a faɗa maka ba, ka san wannan sallamar ita ce ta ƙarshe. Na ga zanen da Gérard, mai zane ɗan Faransa, ya yi a 1798 a gidan adana kayan tarihi na Louvre da ke birnin Paris, inda Cupid, allan soyayya na tsoffin Rumawa, ke sumbatar goshin masoyiyarsa Psyche, jikinsu kusan a buɗe, amma gwanintarsa ba ta taɓa ni ba, don bai bar wa mai kallo abin da zai ƙarasa da kansa ba.

A gida, labari a baki yake zama. Da kakata take ba mu labarin Bayajidda, yadda ya kashe macijiyar da ta hana mutanen Daura ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, har Daurama ta aure shi, ba ta taɓa siffanta mana fuskar sarauniyar ba. Kowane yaro ya ƙera tasa a zuci. Na yarda labarin ya fi karkata ga sarauta fiye da soyayya, amma kunyar da ke cikinsa ce na sake gani a wajen Turner, shi ya sa nake ganin ya fi Gérard kusa da mu.

Na san malamai da yawa ba su yarda da zana mai rai ba, kuma ina girmama hujjarsu. Duk da haka ina fatan wani daga cikin masu koyon zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya zana mana Kusugu da tsakar dare, da guga a bakin rijiya da takalmin baƙo a yashe, ya bar Daurama can cikin fada inda ido ba ya kai wa.