Wai "zanen kalanda", in ji malam masani

Wai ni zanena zanen kalanda ne. Haka wani bawan Allah ya faɗa ranar Asabar a wajen baje koli, a gaban mutane fa, yana riƙe da ruwan roba yana wani karkata kai kamar dillalin da ke duba akuya a kara. Ban kama suna ba, amma dai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Abin da ya tsone masa ido shi ne zanen nan nawa na 'yar Fulani da ƙwaryar nono a ka, rana na faɗuwa bayan ruga, shanu na dawowa daga kiwo. Wai kalar ta yi zaƙi da yawa, wai wasa da zuciyar mutane kawai nake, har da jefo wata kalmar Jamusawa wai "kitsh", sau uku ya maimaita ta don kar wani ya ce bai ji ba. Toh mun ji malam, Allah ya ƙara ilimi.

Sai dai ba a kaina aka fara jifa da kalmar nan ba. Akwai Vladimir Tretchikoff, ɗan asalin Rasha da ya zauna a Cape Town can Afirka ta Kudu, a 1952 ya zana wata budurwa 'yar Sin da fuska kore-kore, masana irinka suka yi masa caa har suka naɗa shi sarkin kitsh, su kuwa talakawan Ingila ko a jikinsu, suka yi ta sayen kwafi a kantuna suna ratayawa a falo. Ya rasu a 2006, a 2013 aka yi gwanjon ainihin zanen a Landan kuɗinsa ya kusa fam miliyan ɗaya.

Ni ba ma kuɗin ba, ga wanda ya fi ba ni dariya. Cheri Samba na Kinshasa da zanen allon talla ya fara, sai a 1989 aka kai aikinsa wani babban baje koli a Faris, shikenan ya zama gwani. Na ji ka da kunnena kana yabonsa har kana lumshe ido. Wlh da kafin 1989 ka bi ta ƙofar shagonsa cewa za ka yi mai fentin shagon aski ne. Idon nan naka na aro ne malam, sai Bature ya gyaɗa kai sannan naka wuyan yake motsi.

Watan jiya wata baiwar Allah ta zo min da fasfo ɗin mahaifinta, ɗan ƙarami duk ya koɗe, gefe ɗaya ma ruwa ya ci, shi kaɗai ya rage musu. Na tambaye ta yadda yake zama, ta ce kan tabarma gindin darbejiya da rediyonsa a kunne, hula a karkace. Kwana tara na yi a kai. Ranar da ta zo karɓa ta tsaya ta yi shiru, can ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce "har yadda yake naɗe ƙafa". Ni kaina sai da na fita waje wai zan wanke buroshi. Je ka faɗa mata an yi wasa da zuciyarta ne mu gani.

Eh na yarda, faɗuwar ranata takan yi ja fiye da kima, kuma 'yar Fulanin nan na zana ta ya fi sau talatin, haya ba ta jiran ilhama. Da ka ja ni gefe ka faɗa min da na ce na gode. Amma kai da ka watsa fenti a kan buhu ka manna gwangwanin madara mai tsatsa, ka rubuta bayanin shafi biyu da Turanci a gefe, shekara uku kenan yana jingine a zaurenku kaji na kwana bayansa, kai ne za ka koya min taɓa zuciya? Mtsw.

Af, kafin na manta, buroshina mai lamba 12 da farin fentin da ka ara tun kafin azumi, a aiko yaro da su gobe dan Allah, ina da kalanda biyu da zan gama kafin Juma'a.