Sifikun baya: yadda ake saye a Kano da yadda na ga ana saye a Accra

Makon jiya ƙanina ya turo mini hoto daga Kano. Wasu dogayen sifiku ne guda biyu, kowace ta kusa kai masa ƙirji, an rubuta 3000W da jan fenti a jikin kwali. Yana so ya girke su bayan kujera su cika masa hom-tiyatar da yake haɗawa, wato saitin sautin kallon fim a gida. Na kira shi nan take na ce kada ya ba da kuɗin. Shekara shida ke nan ina zaune a Maamobi, kuma a nan Accra na gane cewa mu a gida muna zuba kuɗi a inda bai kamata ba.

A tsarin 5.1, wato sifiku biyar da wufa ɗaya, sifikar tsakiya ce ke ɗauke da magana, biyun gaba su ɗauki kiɗa da yawancin abin da ke faruwa, wufa kuma ta riƙe rugugi. Biyun baya aikinsu kaɗan ne: yayyafin ruwa, ihun 'yan kallo a filin ƙwallo, motar da ta wuce ta bayanka. Yawancin amfilifaya ma, in ka saita na baya a matsayin ƙanana, duk sautin da ya yi ƙasa da 80Hz, wato mai kauri irin na rugugi, wufa suke tura wa. To, ƙaton akwatin da ka sa a baya me zai yi? Ka sayi raƙumi ne don ya ɗauki kwanon gero.

A Kano ido ne ke saye. Ka shiga Sabon Gari ko France Road, abin da mai saye ke tambaya shi ne, "Sabo ne a kwali? Wat nawa ne?" Ban ga laifin kowa ba, don kayan sauti a wurinmu ado ne na falo, har cikin kayan ɗakin amarya suke shiga, kuma wa zai kai wa amarya gwanjo? Amma lambar nan da ke kan kwali sau da yawa PMPO ce, wadda ba ta da wani ma'auni tsayayye, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Lambar da ake dogara da ita RMS ce, wato ƙarfin da sifika ke iya ɗauka a kai a kai, kuma sifikar baya mai wat 30 zuwa 50 na RMS ta ishi falon mutum irina.

A Accra kuwa babu kunya a kayan hannu. Hom-yus suke ce musu, masu shigowa ta tashar jirgin ruwa ta Tema, za ka gan su jere a bakin titi a Lapaz da Darkuman. Ƙananan Yamaha, Pioneer, Sony, JBL, waɗanda wani a Ingila ko Jamus ya gaji da su. Na taɓa ɗauko wasu biyu baƙaƙe masu ƙyalli, bisa sharaɗin zan mayar in ba su yi ba, na kai wa wani dattijo haifaffen Zango da ke gyaran rediyo a Zongo Lane. Bai ko jona su ba. Ya cire ragar gaba, ya sa yatsu uku ya danna takardar sifikar, wadda ke motsi ta fitar da sauti, a hankali, ya kara kunne. Sannan ya ɗauko batirin tocila ya taɓa wayoyin, takardar ta yi gaba da ɗan ƙaran "tup".

"Ɗana, koyil lafiya," in ji shi. "Amma juya bayanta ka karanta."

Na juya, om 3 aka rubuta, wato ma'aunin tirjiyar da sifika ke yi wa wutar amfilifaya. Ya tambaye ni abin da ke bayan amfilifayata, na ce, "Baaba, om 6 zuwa 16." Ya girgiza kai ya ce irin waɗannan daga cikin saiti aka ɓallo su, da nasu injin aka yi su, in na jona wa tawa za ta riƙa zafi tana kashe kanta. Ya shafa soson da ke zagaye da takardar ɗaya, ya nuna mini yatsansa, ga garin soso baƙi. Na mayar da su a ranar. Bayan mako biyu na samu ƙananan Yamaha masu om 6, bakinsu na roba, a kuɗin da bai kai rabin na sababbin kwali ba. Har yau su nake ji.

Wannan soson shi ne inda Kano ta fi. Danshin teku a nan yana cin soso, yana sa tsatsa a wurin ɗaura waya, abin da busasshiyar iskar gida ba ta yi da sauri haka. Namu ƙurar hunturu ce, ita kuwa goga da ƙyalle sun ishe ta. Sabo kuma yana da rasit, in ya ƙi aiki kana da bakin magana. Hom-yus in ba ka yi sharaɗi tun farko ba, ka saya ke nan. Sai dai sifika ita ce kayan hannu mafi ƙarancin haɗari, don irin wadda ake jona wa amfilifaya ba ta shan wutar soket. Amfilifayar Amurka mai bolt 120 ita ce ke ƙonewa a wutarmu ta 230, ko a Gana ko a Najeriya.

Zaman gidan haya ma ya koya mini wani abu. A Kano katanga ta raba ka da maƙwabci, ka ƙure ƙara ba mai buga maka ƙofa. Nan ciki da falo ne a gidan taro, bango ɗaya da mai jego, ga masallaci a bayan taga. Da na ɗora na bayan daidai, sai na ga ina rage ƙara ne, saboda sautin ya zagaye ni, ba sai na ture shi daga gaba ba. Daidai ɗin shi ne gefe da gefe, ɗan baya kaɗan, wajen digiri 110 daga inda kake fuskanta, sama da kunnen mai zaune da kamar kamu ɗaya. Kujerata manne take da bango, don haka na kafa katako biyu a gefuna, na juya sifikun suna kallon juna. Waya kuwa ta tagulla ce ta talaka, ja ga ja, baƙi ga baƙi.

Na kuma tambayi ƙanina me ya fi kallo. Finafinan Hausa a YouTube, ya ce, da ƙwallo. Yawancin waɗannan finafinai da sauti mai hanya biyu suke zuwa, na baya shiru za su yi sai ya kunna Dolby Pro Logic II ko makamancinsa ya rarraba musu. Na ce ya ɗauki hoton bayan amfilifayarsa, ya sa batiri a aljihu, ya nufi wurin masu kayan hannu ya nemi ƙanana biyu iri ɗaya, in da hali kamfaninsu ɗaya da na gaba. Jiya ya turo hoton, om 6 zuwa 16 ita ma. Ragowar kuɗin ya ce zai ƙara ya canja sifikar tsakiya, don ya daɗe yana kukan ba ya jin magana sosai.