Ba kowace tiyatar gyaran jiki ba ce son zuciya

Na karanta labarin matan da ke zuwa Turkiyya da Legas a ƙara musu mazaunai, kuma na ga yadda ake ta tsine wa duk wanda ya je gyaran jiki. Don Allah a bambance.

Ƙanwata tana shekara shida man gyaɗa mai zafi ya zubo mata a wuya, fatar ta ɗame har ba ta iya juya kai sosai. Kullum mayafi a naɗe har haɓa, ko da zafin bazara. Da aka sa ranar da za a yi mata tiyatar gyaran wuyan, gwaggonmu ta ce za mu canza halittar Allah. Yarinyar nan ta kwana kuka. Malaminmu ne ya kawo hadisin Arfaja, sahabin da aka yanke wa hanci, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Gwaggo ta yi shiru.

Ƙarin mazaunai kuwa, wallahi tsoro yake ba ni, don kitsen da ake ɗurawa yana iya shiga jijiyar jini ya toshe huhu. Ƙanwata dai yanzu tana waiwayowa idan an kira ta.