Wai Antonio Gates ɗan sa'a ne

Na ga jerin da ake ta yaɗawa tun daren jiya, wanda aka ce na gwaraza biyar ne da ba a taɓa yin kamarsu ba a gurbin tayit end (ɗan wasan da ke tare mutum kuma yana cafke ƙwallon da aka jefa) a gasar ƙwallon Amurka ta NFL, kuma na ga amsar da mai jerin ya ba wanda ya tambaye shi dalilin da ya sa babu Antonio Gates a ciki. Cewa ya yi wai Gates ɗan ƙwallon kwando ne da sa'a ta faɗo wa, kuma wai duk wanda bai sa zoben Super Bowl (zoben da ake ba waɗanda suka ci wasan ƙarshe na gasar) a yatsa ba bai kai a ɓata lokaci a kansa ba. Madalla da wannan zurfin ilimi, Allah ya ƙara basira. Ashe sa'a tana iya bin mutum shekara 16 cur, ta miƙa masa ƙwallo a gidan abokan hamayya har sau 116, mu muna nan muna tsammanin aiki ne. Da na san haka sa'a take, da tun ina yaro na jefar da littafi na zauna a ƙofar gida ina jiran tawa.

Malam mai jeri, ina roƙonka ka riƙe wannan lamba da kyau, domin zan yi ta maimaita maka ita har ta zauna: 116. Wannan shi ne adadin tacdawun, wato cin maki ta hanyar kai ƙwallo gidan abokan hamayya, da Gates ya ci daga 2003 zuwa 2018, duka a ƙungiyar Chargers, kuma har ranar da aka shigar da shi Zauren Gwaraza na Canton, inda ake karrama fitattun 'yan wasan, a 2025 babu wani ɗan gurbinsa da ya kamo shi. Tony Gonzalez, wanda ka sa a jerinka, ya tsaya a 111. Rob Gronkowski, wanda shi ma ka sa, ya tsaya a 92 a wasannin kaka, ban da na zagayen fitar da zakara. Ban ce waɗannan ba gwaraza ba ne, amma ina so a gaya mini wane irin lissafi ne ake yi har mai 116 ya rasa kujera a wurin da masu ƙasa da haka suka samu.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda aka mayar da ƙwallon kwandon da ya buga a jami'a tamkar wani abin kunya, alhali nan ne makarantar da ya yi. Yaron nan ya taso a Detroit yana buga ƙwallon kwando da ƙwallon Amurka a sakandare, ya shiga Jami'ar Michigan State da niyyar ci gaba da duka biyun, sai Nick Saban, wanda ke horar da ƙungiyar ƙwallon Amurka ta makarantar a lokacin, ya ce shi ƙwallonsa kaɗai yake so ya buga. Gates ya ƙi, ya kwashe kayansa ya koma Eastern Michigan, daga nan ya ratsa ta ƙaramar kwaleji a Kalifoniya, kafin ya samu wurin zama a Kent State da ke jihar Ohio. A 2002 shi da abokansa suka kai wannan makaranta, wadda ba a saba jin sunanta a manyan wasanni ba, cikin ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a gasar jami'o'in ƙasar, bayan sun fitar da Oklahoma State da Alabama da Pittsburgh, kafin Indiana ta tsayar da su. A shekararsa ta ƙarshe yana cin maki sama da 20 a matsakaicin wasa. Matsalarsa ɗaya ce, wato tsawonsa ƙafa 6 da inci 4 ne, ya yi gajarta ga gurbin da yake bugawa idan aka je NBA, inda zai riƙa karo da mutanen da suka kusa ƙafa 7.

Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin kwando ya san abin da gajeren mutum yake koya a can idan yana so ya ci abinci. Yana koyon yadda zai juya wa dogo baya, ya tokare shi da ƙugu, ya ji inda nauyinsa ya karkata ba tare da ya waiga ba, sannan ya yi tsalle a daidai lokacin da ƙwallo ta kai ƙololuwa ya cafke ta da hannu biyu nesa da jikinsa. To ku koma ku kalli kowane tacdawun na Gates daga kusa da layin ci, ku gaya mini ko ba wannan ba ne yake yi. Yana zuwa a hankali kamar wanda ba shi da wata manufa, ya ɗan karkata kafaɗa hagu, mai tsaronsa ya saya, ya dawo dama ya sa masa baya, ƙwallo ta iso wurin da babu hannun da zai kai sai nasa. A ƙarshen zamaninsa ƙafa ta yi nauyi, kowa a filin ya san inda zai je, mai tsaron ma ya sani, amma hakan bai hana komai ba, domin a 2014 yana ɗan shekara 34 ya ci 12. Wannan ita ce sa'ar da ake magana.

Kuma a tuna ta ƙofar da ya shigo. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 2003 ƙungiyoyi 32 sun kira sunaye 262, babu nasa a ciki, saboda bai buga ƙwallon Amurka ko wasa ɗaya ba a jami'a. Chargers ne suka ɗauke shi bayan an gama rabon, irin ɗaukar da ake yi wa yaro a cika gurbi a sansanin horo a sallame shi kafin kaka ta fara. A shekararsa ta biyu, lokacin Drew Brees ne ke jifa, ya cafke ƙwallo 81, ya ci tacdawun 13, adadin da babu ɗan gurbinsa da ya taɓa kaiwa a kaka ɗaya kafin nan. Daga 2004 zuwa 2011 an zaɓe shi wasan taurari na Pro Bowl sau takwas a jere. Da Philip Rivers ya karɓi jifa a 2006, su biyun suka haɗa tacdawun 89 a tsakaninsu. Ya ajiye wasa da ƙwallo 955 da ya cafke da kuma yadi 11,841. Ni dai ban taɓa ganin cacar da ke fitowa haka kowace shekara ba.

Sai maganar zobe, wadda ita ce mafakar duk wanda ba ya son wahalar kallon wasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a wannan wasa mutum 11 ke fili a kowane ɓangare, rabin lokacin ma Gates yana zaune a benci yana kallon masu tsaron gida. Shin shi ne ya kama ƙwallon da Tom Brady, mai jifan Patriots, ya jefa a Janairun 2007 sannan ya sake ta ta faɗi, a shekarar da Chargers suka ci wasa 14 cikin 16, har Patriots suka dawo suka ci 24 da 21? Marlon McCree ne. Shin shi ne ya zubar da bugu uku a Janairun 2010 har Jets suka fitar da su 17 da 14? Nate Kaeding ne. Shin shi ne ya kori Marty Schottenheimer daga aikin horarwa bayan kakar da ta fi kowace kyau a tarihin ƙungiyar? A Janairun 2008, wasa ɗaya ya rage su kai Super Bowl, Gates ya shiga fili da gocewar ɗan yatsan ƙafa, Rivers ya shiga da tsinkakkiyar jijiyar gwiwa, LaDainian Tomlinson ya yi yawancin wasan a gefe saboda rauni, suka sha kashi 21 da 12. Idan zobe ne ma'auni, to mai jiran gado da ya yi kaka guda yana ɗumama benci a ƙungiyar da ta ci kofi ya fi Gates, kuma ya fi Gonzalez ma, tunda shi ma bai taɓa zuwa Super Bowl ba. Amma shi ka sa shi a jerinka, kuma shi ma ya buga ƙwallon kwando a Jami'ar Kalifoniya. Ka zaɓi doka ɗaya ka tsaya a kanta, malam.

Na san akwai mai jira ya rubuto mini maganar dakatarwar wasa huɗu da aka yi masa a 2015 kan abin ƙara kuzari da aka haramta. An yi, ya sha hukuncinsa, kuma a daren da ya dawo ya ci biyu a ragar Steelers, na farkonsu shi ne na 100 a tarihinsa. Ku cire wannan kakar gaba ɗaya idan kuna so, ku sake lissafi, za ku tarar har yanzu yana kafaɗa da kafaɗa da na saman jerinku. Masu cewa bai iya tare mutum kamar Gronkowski ba kuma, na ji, na gode, ba a biya shi don ya zama katanga ba. Su ma masu zaɓen Canton irin wannan jan ƙafar suka yi a 2024, shekarar farko da ya cancanta, suka bar shi a waje, sai bayan shekara guda suka yi abin da ya kamata su yi tun farko.

Zan faɗi gaskiyar abin da ya sa maganar ta taɓa ni haka. A watan Satumban 2017 na kalli wasansu da Miami Dolphins a wayata, da dare, babu wuta, ina zaune a tabarma a tsakar gida inda sabis ya fi ƙarfi, hoton yana tsayawa yana tafiya. A zango na uku Rivers ya jefa masa wata gajeriyar ƙwallo, ya cafke, ta zama ta 112, ya wuce Gonzalez. Abokan wasansa suka rufe shi a ƙasa, ni kuma na yi kabbara da ƙarfi har ƙanena ya fito daga ɗaki yana tambayar ko lafiya. Mutum ne mai shekara 37 da ya sha fama da ciwon tafin ƙafa shekaru, wanda babu wanda ya kira sunansa ranar rabo, ga shi ya hau saman kowa. Kun san yadda wasan ya ƙare? Mai bugunsu Younghoe Koo ya zubar da bugun ƙarshe, Dolphins suka ci 19 da 17. Idan kuna neman tarihin Gates da Chargers a dunƙule, to ga shi nan a dare ɗaya: shi ya yi nasa, wani ya zubar, yau kuma shi ake tuhuma da rashin zobe.

Wani abin takaicin ma, wannan tarihi ba a San Diego aka kafa shi ba, garin da ya yi shekara 14 yana yi wa wasa. A Janairun 2017 iyalan Spanos, masu ƙungiyar, suka ɗauke ta zuwa Los Angeles bayan masu zaɓe a San Diego sun ƙi amincewa da shirin gina sabon filin wasa da kuɗin haraji, suka bar garin da ƙungiyar ta zauna tun 1961. Suka sauka a filin ƙwallon ƙafa na LA Galaxy da ke Carson, wanda ba ya ɗaukar mutum 30,000, kuma a shekarun da suka yi a can sau da yawa magoya bayan baƙi ne suke cika shi. Har yau idan na zo rubuta sunan ƙungiyar sai hannuna ya fara da San Diego kafin in goge, kuma ina jin da gangan zan daina gogewa.